Cunkoson Motoci a Birane: Abin da Aka Gwada a Ikko

Babu birnin da ya sha wahalar cunkoson motoci a Nijeriya kamar Ikko, wato Legas. Saboda haka duk garin da ke neman maganin gosulo, ko Kano ne, ko Ibadan, ko Fatakwal, ya kamata ya dubi abin da aka gwada a can, da wanda ya yi amfani, da wanda bai yi ba.

Al'amarin ya tsananta ne bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975. Kuɗi ya shiga hannun ma'aikata, kowa ya nufi sayen mota, alhali tituna ba su ƙaru ba. A 1977 hukuma ta raba ranakun aiki tsakanin motoci masu lamba mara da masu lamba cika, kowace ta shiga tsakiyar birni a ranarta kawai. Da fari an sami sauƙi. Amma ba a jima ba sai masu hali suka sayi mota ta biyu, suka mallaki mara da cika duka. Dokar ta koma kan mai mota ɗaya kaɗai.

Daga nan aka juya ga manyan ayyuka. Gwamna Lateef Jakande ya soma aikin jirgin ƙasa na cikin gari a 1983, aka soke shi a 1985. A 1990 aka kammala babbar gada ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, ita ma yau da safe cike take maƙil. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da aka buɗe sabon titi, wanda dā yake barin motarsa a gida sai ya fito da ita.

Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa. Idan mutum 60 suka fito aiki, kowane biyu a mota ɗaya, motoci 30 ke nan a jere. Bas ɗaya babba za ta kwashe su duka, ba ta kuma ci filin da ya wuce na ƙananan motoci uku ko huɗu ba. Ashe abin da ya yi ƙaranci shi ne fili, sai a duba yadda za a raba shi. Amma in bas ta maƙale a gosulo ɗaya da sauran motoci, babu mai motar da zai yarda ya hau ta.

Wannan ne ya sa a watan Maris na 2008 aka keɓe wa manyan bas hanyarsu daga Mile 12 zuwa CMS, aka gitta shingen kankare, fasinja ya riƙa wuce mai mota yana tsaye. Jirgin ƙasan ma ya zo daga baya: layin Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023, na Agbado zuwa Oyingbo a 2024, shekara arba'in bayan yunƙurin farko.

Keke shi ne aka bari a baya, ko da yake ba ya shan mai, ba ya hayaƙi. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kira ga jama'a su koma hawansa, har shi kansa ya hau a Abuja, wata bas ta ture shi cikin kwalbati. Mutane sun yi dariya, amma maganarsa tana kan hanya. Abin da ya rasa shi ne hanyar keke. Fenti a kan kwalta ba ya tsare kowa. Sai an ɗaga dakali tsakanin keke da mota, an sa fitilu, an tanadi wurin ajiye kekuna a tasha da kasuwa da makaranta.

Inda aka keɓe irin waɗannan hanyoyi, ana roƙon direbobi kada su tsaya ɗaukar fasinja a kansu, masu babura kada su kutsa ciki, 'yan tireda kuma su ja teburansu baya.