DARASI: SA'AD DA HALIN TSOHO YA JUYA

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-39, Littafin Firistoci 19:32, 1 Timoti 5:3-8.

'Yan'uwa cikin Almasihu, darasinmu na wannan fitowa a kan tsofaffinmu ne, musamman waɗanda halinsu ya juya har mutanen gida suka rasa gane kansu. Muna roƙon fastoci, masu bishara da shugabannin zumuntar mata su karanta shi a taron tsakiyar mako, su kuma ba jama'a dama su yi tambaya.

Tsufa dabam, ciwo dabam

Barzillai yana da shekara 80 sa'ad da sarki Dawuda ya gayyace shi Urushalima. Ya ce wa sarki ba ya jin daɗin abinci kamar dā, kunnensa kuma ba ya kama muryar mawaƙa. Amma ku lura da yadda ya auna maganar, ya zaɓi komawa garinsu, ya nema wa Kimham gurbi a wurin sarki. Jiki ya raunana, hankali yana nan daram. Wannan shi ne tsufa. Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho yake kamuwa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne ciwon Alzaima, na biye da shi kuwa shi ne wanda lalacewar hanyoyin jini take kawowa. A kan na biyun za mu tsaya, gama shi ne aka fi iya tarewa.

Abin da yake faruwa cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita kaɗai take cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake rarraba wa jiki. Ba ta da rumbu. Idan jini ya yanke wa wani sashenta na 'yan mintoci, sashen ya fara mutuwa ke nan.

Mai noman rani ya san wannan. Ruwa yakan bi babbar hanya, ya rabu cikin ƙanana, har ya kai kowane fangali. In babbar hanya ta toshe ko ta fashe, gefe guda na lambu yakan bushe a fili, kowa ya gani. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Amma akwai ɓarnar da ba ta yin ƙara. Hawan jini na shekara da shekaru, da ciwon sukari, sukan sa ƙananan hanyoyin jini na can cikin ƙwaƙwalwa su yi kauri, su ƙuntace. Yau wannan ta toshe, baɗi waccan. Mutum ba ya faɗuwa, hannu ba ya shanyewa, sai dai 'yan wurare suna ta bushewa ɗaya bayan ɗaya.

Wuraren nan sau da yawa a kan hanyar saƙo suke, wato jijiyoyin da suke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sauran sassa. Gaban ƙwaƙwalwa kuwa shi ne mai gida: shi yake tsara aiki, ya ce a fara wannan kafin wancan, shi yake tashin mutum ya yi himma, shi kuma yake kama harshe da fushi. In saƙonsa bai isa ba, hali ne yake fara canjawa, wani lokaci tun kafin mantuwa ta yi yawa. Ga waɗansu ciwon yakan sauka kamar tsani: a zauna wata da watanni ba canji, sai rana ɗaya a ga an sauko taki guda. Ga waɗansu kuwa a hankali yake ci.

Abin da ake gani a gida

Na fari shi ne nauyin tunani. A yi wa Baba tambaya, sai ya daɗe kafin ya amsa. Mama da ta shekara 50 tana tuƙa tuwo ta tsaya gaban murhu ta rasa me za ta fara sa wa tukunya. Dattijon da yake ƙirga baiko ba kuskure ya fara rikita lissafi.

Sai mutuwar zuciya. Mutum ya wuni zaune, ba ya neman wanka, ba ya tambayar gona, sujada ma sai an ja shi. Mutanen gida su ce lalaci ne, ikkilisiya ta ce ya ja da baya cikin bangaskiya. Ba ko ɗaya. Abin da yake tashinsa ne ya lalace. Baƙin ciki mai tsanani ma yakan haɗu da wannan ciwo, shi kuwa yana da magani a asibiti.

Waɗansu sukan fashe da kuka ko dariya ba dalili, su kansu ba su iya tsayar da shi. Waɗansu sukan yi saurin fushi, tsohon da ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba ya zagi surukarsa gaban baƙi. Akwai mai ajiye kuɗi ya manta, ya ce jikansa ya sace. Tafiya takan zama ƙananan taku, ƙafa tana jan ƙasa, ga yawan faɗuwa. Fitsari yakan kuɓuce.

Ga inda iyali suka fi yin tuntuɓe. Mai wannan ciwo yana iya tuna sunan kowa, ya rera waƙar sujada daga fari har ƙarshe, yau ya yi magana sarai, gobe ya rikice. Sai a ce, "Ai da gangan take yi, jiya lafiyarta ƙalau." Ku tuna da lambun nan: wani fangali ya bushe, na kusa da shi yana nan kore shar.

Maganar maita

Dole mu faɗi wannan a fili. Tsohuwar da aka tsinta da tsakar dare a bayan gidan wani, ko a bakin kabari, wataƙila ba zane a jikinta, tana ambatar sunayen matattu, ita ce ake fara nuna wa yatsa idan yaro ya yi ciwo a unguwa. A taru a kanta ana tambaya, "Ke ce? Ke kika kama shi?" Sai ta ce, "I." Wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ga tsoro, ga hayaniya, yakan amsa abin da aka sa masa a baki. Wannan ba shaida ba ce. Dare da rana sun rikice mata, ta fita neman gidan da ta girma a ciki, ta ɓata. Abin kunya ne a ce masu zuwa sujada suna cikin masu jifa. Haka nan kada majalisar dattawa ta yi saurin sa tsoho a horo saboda bakinsa ya ɓaci, sai an fara kai shi an duba lafiyarsa.

Abin da za a iya yi

Sashen da ya mutu ba ya dawowa, kada wani mai magani a kasuwa ya cinye muku kuɗin hatsi da alkawarin warkarwa. Amma ana iya kāre abin da ya rage. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba, nesa ba kusa ba, cikin abubuwan da suke kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya kuma nuna barbaɗa gishiri a kan abinci yana ƙara haɗari, cin ganye kullum yana rage shi. Zogale, rama da alayyafo ba su fi ƙarfinmu ba.

Hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama, sai an auna. Idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, a ga ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, gama jin sauƙin aikin maganin ne. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali, a kuma tuna dunƙulen miya shi ma gishiri ne. Taba da giya a bar su.

Abu biyu ba sa jiran gobe. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a tafi asibiti nan da nan, ko da abin ya wuce cikin 'yan mintoci. In kuma tsoho ya rikice ƙwarai cikin kwana ɗaya ko biyu, a nemi dalili: zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko faɗuwar sukari sukan yi haka, kuma ana magance su. Kada a sayo maganin barci a kemis don a huta da shi. Yakan ƙara rikicewa da faɗuwa.

A gida, a yi magana ɗaya a jira amsa. Kada a yi gardama a kan kuɗin da ya ce an sace, a taya shi nema. A raka shi bayan gida duk bayan awa biyu ko uku. A bar fitila da dare, a rufe rijiya, a lura da wuta. Ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki ba ya kawo kome sai ƙarin tsoro da faɗa. A ba shi aikin da hannunsa ya saba, kamar ɓarar gyaɗa.

Addu'a tana da wurinta, mu yi ta. Amma kada a sa tsoho mai shan maganin sukari azumi, kada a kwana ana yi masa ihu a ka. Waƙar da ya sani tun yana saurayi, da jibin Ubangiji da fasto zai kai masa gida, sun fi kwantar masa da rai. Mai jinya kuma, wadda yawanci suruka ce ko 'ya, ita ce take shan zagi da wankin dare. Zumuntar mata da matasa su raba kwanaki, a karɓe ta ko da wuni ɗaya a mako, ta je kasuwa, ta yi barci.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane suna ake ba irin waɗannan tsofaffi a ƙauyenmu, me kuma yakan faru da su?
2. Idan aka zargi wata tsohuwa da maita gobe, wa zai fara zuwa wurin daga ikkilisiyarmu, me zai ce?
3. Ina ne wuri mafi kusa da ake auna jini? Za mu iya gayyatar ma'aikacin lafiya ya zo da abin awo wata Lahadi bayan sujada?