Kiwon Kaji a Bayan Gida a Ingila: Lissafi, Doka da Tarbiyyar Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tun ƙarshen shekarar 2022, lokacin da ƙwai ya yi ƙaranci har kantunan Asda da Lidl suka ƙayyade adadin da mutum zai saya, 'yan uwa a Manchester da Birmingham ke tambaya ko kiwon kaji a bayan gida zai rage wa iyali kashe kuɗi. Ina da kaji huɗu da yara ƙanana, kuma amsata ita ce: ragin kaɗan ne, nauyin yana da yawa, babbar ribar kuwa tana ga tarbiyyar yara.

Lissafin kuɗi

A Kano ko Maraɗi kaza kusan ita ke ciyar da kanta. Tana tonon bola, a watsa mata tsaki da dusa, da magariba ta shige akurki. A nan kusan duk abin da za ta ci saye ake yi.

Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 120 a rana. Kaji huɗu za su cinye buhu mai kilo 20 cikin mako shida, wato buhu 9 a shekara. Mu ƙaddara buhu fam 13 ne, an kashe fam 117. A ƙara fam 50 na shimfiɗar akurki da maganin ƙuma da na tsutsar ciki. Idan kowace kaza ta yi ƙwai 250, an samu 1,000. In a kanti ƙwai huɗu fam ɗaya ne, darajarsu fam 250 ke nan. Abin da ya rage bai wuce fam 83 ba. Wanda ya kashe fam 300 kan akurki da shinge sai ya kusa shekara huɗu kafin ya mai da uwar kuɗinsa, alhali ƙwan kaza raguwa yake yi kowace shekara.

Sai kuma hunturu. Kaza tana buƙatar hasken awa 14 ko fiye kafin ta yi ƙwai sosai, amma a watan Disamba yinin Manchester bai kai awa takwas ba. Ƙwai ya ja baya, ci kuwa yana nan. Mai son rage tsada ya haɗa akurkinsa da tsofaffin katakai, ya nemi kaji wajen British Hen Welfare Trust, ƙungiyar da tun 2005 take karɓo kajin da manyan gonaki suka gama da su tana raba wa gidaje a kan ɗan abin taimako. Sai dai ta kan ba da su don riƙo ne, ba don tukunya ba.

Abin da doka ta tanada

Na farko, rajista. Daga 1 ga Oktoba 2024, duk mai kiwon kaji a Ingila, ko da ɗaya ce, wajibi ne ya yi rajista da hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai ta APHA. Kyauta ne ta intanet. Dalili shi ne murar tsuntsaye: daga Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023 an umarci kowa ya killace kajinsa a rufe. Don haka a gina wuri mai rufi tun farko.

Na biyu, wanda ya fi ba mutanenmu mamaki: doka ta hana ba kaji ragowar abincin kicin, ko da shinkafa ce ko ɓawon kayan miya, sai a gidan da nama da madara da ƙwai ba sa shiga kicinsa. Hanin ya samo asali ne daga annobar ciwon baki da kofato ta 2001. Ganyen da aka tsinko kai tsaye daga lambu ba laifi.

Na uku, zakara. Gidajen Longsight da Cheetham Hill, ko na Small Heath da Sparkbrook, manne suke da juna. Carar asuba da muke kewa, ga maƙwabci damuwa ce da zai iya kai ƙararta ƙaramar hukuma. Kaza kuwa ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Mai haya ya nemi izinin mai gida a rubuce. Wanda ba shi da fili ya nemi ɗan lambun haya na ƙaramar hukuma, irinsu sun haura wuri ɗari a Birmingham, ya fara tambayar ƙa'idarsu game da kaji.

Na huɗu, yanka. Yankan addini ba tare da an sumar da dabba ba, doka ta keɓe shi ga mayankar da hukuma ta amince da ita. Kada a ɗauka za a kama kaza a yanka wa baƙo a tsakar gida kamar a can.

Musulmi mai cika alkawari ne, kuma zamanmu a nan bisa alkawarin bin doka yake. Haƙƙin maƙwabci kuwa bai bambanta Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Amana da tarbiyya

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kazar da ke cikin shinge haka take: ruwanta da abincinta da tsaronta daga dilan da ke yawo cikin unguwanni da dare duk suna wuyanmu, har a safiyar da ruwan shanta ya daskare. Mai niyyar tafiya gida hutun mako shida ya fara tanadar wanda zai kula da su.

Sun kuma ruwaito cewa Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) ya kan tambaye shi labarinsa cikin raha. Daga nan malamai suka fahimci halaccin yaro ya riƙi tsuntsu muddin ba a cutar da shi.

A gidana babbar ke zuba abinci kafin makaranta, ƙaramin ke kwaso ƙwai ya ƙirga su da Hausa. Kalmomi irin su akurki da tsaki da kwanci, waɗanda ba sa ji a makaranta, sun zauna a bakinsu. Sun san cewa abinci ba daga kanti yake farawa ba, kuma mai rai ba ya jiran sai an gama kallo. Ranar da kaza ta mutu kuwa, dama ce ta yi musu bayanin ajali da harshen da za su gane.

Sharaɗi ɗaya ba ya ɗaguwa: a wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaji, kada yaro ya kai su kusa da bakinsa, a kuma dafa ƙwan gida ya nuna sosai ga ƙananan yara da mai juna biyu, saboda ƙwayar cutar salmonela.

Wanda kuɗi kaɗai yake son ragewa, ya haɗu da 'yan uwa su sayi kiret-kiret a kan sari, zai fi masa sauƙi. Wanda ke da fili da lokaci da yardar maƙwabta, ya fara da kaji uku, domin kaza ba ta son kaɗaici.

Allah Ya albarkaci zuri'armu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.