Darasin Kimiyya: Abin da Ya Cinye Fina-finan Barkwanci na Dā

Yara, a yi shiru, a dubi hannuna. Wannan auduga ce, wannan kuma kafur. Da su aka fara yin faifan fim. Akan jiƙa auduga cikin asid na naitirik da na salfurik, a cuɗa ta da kafur don ta yi laushi, a shimfiɗa ta sirara kamar leda, sannan a shafa mata sinadarin azurfa mai kama hoto. Sunan wannan faifai naitiret. Ku rubuta.

To, wa zai tuna mana abin da wuta ke bukata kafin ta ci? Makamashi, zafi da iskar oksijin. Madalla. Shi ya sa in gawayi ya kama a kurfoti, kuka kife shi da kwano, sai ya mutu. Naitiret kuwa da oksijin ɗinsa yake tafe a jikinsa, ko cikin bokitin ruwa aka tsoma shi ba ya fasa ci. In ya tsufa, sai ya yi danƙo, ya yi wari, ya koma gari ja-ja kamar tsatsa. Wanda ya fara ruɓewa yakan iya kamawa da kansa in ya daɗe a zafin da bai wuce digiri 41 ba. Ku kwatanta da ɗakin langa-langa a nan Kotobabi, da azahar, a watan Maris.

Haka ya faru a New Jersey ta Amurka ran 9 ga Yuli, 1937: ana tsananin zafi, rumbun kamfanin Fox ya kama, yawancin fina-finansa marasa magana suka tafi. Wasu kamfanoni ma da gangan suka narka nasu don a cire azurfar. A 2013 Laburaren Majalisar Amurka ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar marasa magana na 1912 zuwa 1929 sun salwanta. Cikinsu har da Brewster's Millions na 1921, labarin wanda aka ce sai ya ɓarnatar da dukiya kafin ya gaji wadda ta fi ta. An yi shi a dandamali tun 1906, rubutun yana nan, amma dariyar da jarumin fim ɗin, Roscoe Arbuckle, ya ba mutane a majigi babu mai sake ganinta.

Mu ma da namu. I Told You So na 1970, wanda Bob Cole ya fito a ciki, daga wasan konsat na Ghana ya samo salonsa. Lokacin an bar naitiret tun farkon shekarun 1950, an koma asitet, wanda ba ya tashin gobara. Sai dai laima da zafi irin na Accra na sa shi fitar da asid mai warin binega, ya kanannaɗe. Maganinsa ɗaki mai sanyi, busasshe.

Aikin gida: kowa ya tambayi kaka ko akwai tsohon nagatif na hoto a gida. Ku shinshina, ku rubuto abin da kuka ji. Kada wanda ya kusantar da ashana.