Kyamarar da Baba ya bari

Anti, Mahaifina ya rasu bara, ya bar shagon ɗaukar hoto a Kawo da kyamara ƙirar Olympus da gilasanta uku. Abokina ya ce kamfanin ya mutu, gara in sayar tun tana da daraja, in ci bashi in sayi Sony. Umma kuwa ta ce kada in taɓa kayan marigayi. Na rasa na kamawa.
Ɗanki daga Kawo

Ɗana, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Abokinka rabin labari ya ji. Olympus ba mutuwa ya yi ba, sashen kyamararsa ya sayar wa Japan Industrial Partners, aka kammala cinikin a farkon 2021, kuma har yau ana ƙera kyamarorin da sunan OM System. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar mahaifinka. Pentax ya koma hannun Ricoh a 2011. Ita kanta Sony da ake kwaɗaita maka, sai da ta karɓi sashen kyamarar Konica Minolta a 2006 sannan ta shiga sahun manya. Abin da ya girgiza su duka wayar hannu ce: a 2010 an fitar da kyamara sama da miliyan 120, zuwa 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Kai ma shaida ne, ranar suna kowace gwaggo da wayarta a sama.

To bashi a irin wannan kasuwa, ban yarda ba. Amarya ba ta tambayar sunan kyamara, fuskarta take so ta fito tas. Dukiyar ma tana cikin gilasan nan ne. Idan irin waɗanda ake kira Micro Four Thirds ne, suna hawa wasu kyamarorin Panasonic Lumix, ka ga ko taka ta gaji ba ka yi asara ba.

Amma ka tsallake abin da ya fi damuna. An raba gado kuwa? In ba a raba ba, kyamarar nan ba taka ba ce kai kaɗai, akwai haƙƙin Umma da ƙannenka a ciki. Ku kira malami a yi ƙima, a fitar wa kowa rabonsa. Kuma ka lallaɓa Umma, kewar mijinta ce ke magana.

Kafin nan, ka nemi batir biyu na ajiya, ka riƙa killace gilasan daga ƙurar hunturu. Bayan bukukuwan Disamba ka rubuto mini nawa shagon ya kawo.