Shawarwari ga Mai Niyyar Ziyartar Tsoffin Majami'un Habasha

Habasha tana cikin ƙasashen Afirka da addinin Kirista ya fara kafuwa, domin tun a ƙarni na 4 Sarki Ezana na daular Aksum ya karɓe shi ta hannun Firumentiyus, mutumin birnin Taya, wanda Atanasiyus, shugaban majami'ar Iskandariyya, ya naɗa bishop na farko a ƙasar. Shaidar wannan sauyi tana kan kuɗin ƙarfe da sarkin ya buga, inda alamar gicciye ta maye gurbin jinjirin wata da faifai. Abin da ya wajaba matafiyi ya riƙe shi ne cewa tsoffin majami'un ƙasar ba kufai ba ne, har yau ana ibada a cikinsu da harshen Gi'iz, wato tsohon harshen Aksum wanda ya saura a bakin limamai.

Saboda haka ladabi shi ne guzurin farko. Ana tuɓe takalmi a ƙofa, ana sa suturar da ta rufe kafaɗu da gwiwoyi, mata kuma suna yafa mayafi, sannan ba a ɗaukar hoton mai ibada sai da izininsa. Tsohuwar majami'ar Maryam ta Sihiyona da ke Aksum maza kaɗai ke shiga, haka ma Debre Damo, mazaunin masu zuhudu da ke bisa dutse, wanda ba a kaiwa gare shi sai an hau da igiyar fata.

Lalibela, inda aka sassaƙa majami'u 11 daga cikin dutse wajajen ƙarni na 12 da na 13, tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,500, don haka baƙo yana bukatar rigar sanyi da tafiya sannu a ranar farko kafin numfashinsa ya daidaita. Damina takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, shi ya sa rani ya fi dacewa. Bikin Genna, wato Kirsimeti, yana faɗowa 7 ga Janairu, Timkat kuwa, tunawa da baftismar Yesu, yawanci 19 ga watan, lokacin da masauki ke wuya ga wanda bai kama da wuri ba.

Mabiya waɗannan majami'u suna ƙaurace wa nama da madara a yawancin ranakun Laraba da Juma'a, kuma agogon gargajiya yana fara ƙirga sa'o'i daga ƙarfe 6 na safe, abin da ke sa a tantance wane agogo ake nufi yayin sa alkawari. Musulmi kuma zai samu masallacin Najjashi a Negash, a yankin Tigray, wanda ake dangantawa da hijirar sahabbai ta farko.

Tun da Aksum tana Tigray, inda aka yi yaƙi daga 2020 zuwa 2022, Lalibela kuma tana yankin Amhara da ya shiga rikici a 2023, bai kamata a yanki tikiti ba sai an tabbatar da halin tsaro daga ofishin jakadanci.