Yadda Ake Koya wa Yaro Rubuta Abin da Ya Gani na Halittun Ubangiji

Duk mahaifin da Allah ya zaunar da shi a garin Jos, inda ƙasa ta ɗaga fiye da mita 1,200 bisa teku, duwatsu suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ƙanƙara kuma takan zubo tare da ruwan damina, lalle hakki ne a kansa ya buɗe idon ɗansa ga waɗannan ayoyi tun yana ƙarami. Hanyar da na ga ta fi amfani ita ce a ba yaro littafi nasa na kansa, wanda ba malamin da zai duba da jan biro.

A sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a haɗa masa da fensir, domin tawada takan ɓaci in raɓa ta taɓa ta. Ya buɗe da Bisimilla, sa'an nan kowace rana ya fara da kwanan watan Hijira da na Miladiyya, da wurin da yake, da halin da sama take ciki. Kwanan Hijira yana da fa'ida ta musamman, gama shi zai sa yaro ya riƙa fita bayan Magariba yana neman jinjirin wata, har ya san girmansa da raguwarsa da idonsa.

Daga nan sai a zaɓi wuri guda kusa da gida, ko gindin mangwaro ne ko wani dutse a bayan unguwa, a riƙa komawa gare shi ranar Alhamis bayan La'asar, sa'ad da makarantar allo take hutu. A zauna shiru tukuna. In yaro ya ce, "Baba, ga wani tsuntsu mai kyau," sai a tambaye shi: ya kai kurciya girma? Bakinsa dogo ne ko gajere? Tafiya yake yi ko tsalle? Abin da ya amsa shi zai rubuta. A nan ne asalin tarbiyyar take, domin wajibi ne ya koyi rarrabe abin da ya gani da abin da ya zata da abin da aka gaya masa, yadda malaman Hadisi suka rarrabe tsakanin wanda ya ji da kunnensa da wanda labari ya iske. Kuma in ya rasa sunan wani abu, ya rubuta cewa bai sani ba, ba tare da jin kunya ba, tun da Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya shahara da faɗin haka a gaban masu tambaya. Sunan kuwa ana iya nemansa wajen kaka, ko makiyayi, ko maƙwabci Birom da ya tashi cikin waɗannan duwatsu.

Ina roƙon iyaye kada su yi gaggawar wa'azi. Tafakkuri ba ya shiga zuciya da tilas, kuma yaron da aka katse masa kallon tururuwa domin a yi masa huɗuba, gobe ba zai sake nuna maka ita ba. A bari mamaki ya kama shi da kansa, ya tambayi yadda ƙaramar halitta take jan ƙwayar acca da ta fi ta nauyi. Da dare sai a buɗe masa Suratun Namli, a ba shi ƙissar Annabi Sulaimanu da tururuwa da alhudahuda, a gaya masa akwai surorin da aka yi wa suna da ƙudan zuma da gizo-gizo, kuma malamai irin su Jahiz na Basra da Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, sun wallafa manyan littattafai a kan dabbobi.

Mas'alar zane tana bukatar bayani. Malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai, amma ganye da fure da dutse da gajimare ba laifi a zana su, Ibnu Abbas ma ya umarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa. Wanda ya ɗauki tsantseni sai ya sa ɗansa ya siffanta tsuntsu da kalmomi, ya zana sawunsa, ko ya liƙa gashinsa da ya tsinta a ƙasa. Ba a taɓa sheƙa, ba a zuwa da danƙo, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. A kuma tsare yaro daga kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu zurfin da ba a gani, da ruwan ƙyarana da ake shinge da ita, wanda yake cutar da ido.

In hannunsa ya faɗa, sai a faɗaɗa masa: gidan dabbobi da ke kusa da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, ko gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972, ko dajin Amurum a Laminga, inda cibiyar Leventis ta nazarin tsuntsaye take aiki tare da Jami'ar Jos. A can akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, wanda masana ba su rubuta shi a matsayin jinsi na dabam ba sai a 1998, akwai kuma wani da yake saka ƙwai a sheƙarsa, yana kwaikwayon kukansa.

Idan shekara ta zagayo, a zauna tare a fitar da ranakun da ruwan farko ya sauka, da fitowar gara mai fiffike, da furen mangwaro, da shigowar hazon hunturu, a rubuta su a shafin farko na sabon littafi, domin ya gwada su da na baɗi.