Wasan Ces: Sauri Ya Haifi Nawa

Ces wata irin dara ce wadda aka fara yi a ƙasar Indiya, ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa har ta game duniya. Allonta yana da gida 64. Mutum biyu ke yi, ɗaya da farar runduna, ɗaya da baƙa. Kowace runduna tana da sarki, da sarauniya, da giwa biyu, da doki biyu, da hasumiya biyu, da dakaru takwas. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa, har ya rasa mafita, shi ya ci.

A wurin gasar masu koyo akan ga wasa ya ƙare tun mutane ba su gyara zama ba. Ga yadda abin yakan faru.

Mai fari ya tura dakaren da ke gaban sarkinsa gida biyu, mai baƙi ma ya yi haka. Sai mai fari ya fito da giwar da ke kusa da sarkinsa, ta auna dakaren da ke gaban giwar baƙin sarki. To, wannan dakare ba shi da mai tsaro sai sarki kaɗai. Mai baƙi ya fito da dokin wajen sarauniya. Mai fari ya kai sarauniyarsa bakin allo, ita ma ta auna dakaren nan.

Nan ne ake tuntuɓe. Mai baƙi, don ɗokin korar sarauniya, sai ya zabura ya fito da ɗaya dokin, bai duba ba. Sarauniya ta cinye dakaren, ta tsaya gab da sarki. Sarki ba shi da ikon taɓa ta, gama giwa na tsaronta, ba kuwa inda zai gudu. Wasa ya ƙare da tafiya huɗu tak!

Alhali maganin ba wuya. Da ya tura dakaren da ke gaban dokin sarki gida ɗaya, da ya toshe wa sarauniya hanya, ya kuma tilasta mata ja da baya. Saboda haka ne gwanaye ba su cika fito da sarauniya da wuri ba, sukan fara da dawaki da giwaye. Kafin su ɗaga hannu kuwa, sai sun gane abin da abokin wasa yake nufi.

Tambayoyi
1. Gida nawa ne a allon ces?
2. Me ya hana sarki cinye sarauniya?
3. Yaya mai baƙi zai kare kansa?